Bikin kiɗan metal a gidan cacar Las Vegas: yadda tafiyar ta kasance

Sana'ata haɗa sauti. Tun ina yaro nake ɗaukar lasifika a gidajen biki a Kano, daga baya na samu shiga situdiyo, kuma sana'ar ce ta kai ni Los Angeles ƙaro ilimi a 2018. A ajinmu akwai wani ɗan Amurka mai tsatson Meksiko, dogon gashi har gadon baya, kullum cikin baƙar riga. Shi ya sa ni a gaba sai na raka shi wani biki da ake kira Psycho Las Vegas, wanda za a yi daga 17 zuwa 19 ga Agusta a otal ɗin Hard Rock. Na ce masa a kai kasuwa. Kiɗan metal, wato kiɗan jita da ganga mai tsananin ƙara, ba nawa ba ne, wurin kuma gidan caca ne, ga shi kwanakin sun faɗo cikin goman farko na Zulhajji. Bai yi musu da ni ba, sai ya miƙo mini wayarsa in karanta jerin makaɗan. Sunaye ne masu tayar da tsikar jiki, har idona ya faɗa kan Tinariwen. Abzinawan nan na arewacin Mali da direbobin Agadas ke sa kaset ɗinsu a mota, me ya kai su cikin wannan taro? Wannan tambayar ce ta sa na ciro kati na biya tikiti, dala ɗari biyu da ɗoriya. A lokacin dala tana wajen naira 360, don haka na daina lissafi tun kafin zuciyata ta karaya.

Ranar Alhamis bayan asuba muka kama hanya a tsohuwar motarsa. Tafiyar kusan kilomita 430 ce, yawancinta a kan babban titin da suke kira I-15. Da muka haye mashigar duwatsun Cajon sai kore ya ƙare, hamadar Mojave ta buɗe. A Barstow muka sha mai, ban ga abin ba da labari ba. A Baker ne na ce ya tsaya. Ƙaramin gari ne na gidajen mai da wuraren cin abinci, amma sun kafa wani ma'aunin zafi mai tsawon ƙafa 134, don tunawa da zafin da aka auna a kwarin Death Valley a 1913, wanda ya kai digiri 134 a ma'auninsu, wato kusan 57 a namu. Ina buɗe ƙofar mota iska ta mare ni. Na yi watan Afrilu a Sakkwato, na san zafi, amma na Mojave yana da wata irin bushewa: ba ka ganin gumi a jikinka, yana fitowa iska na lashe shi, sai dai ka ji leɓe ya tsage, kai ya fara sarawa. Abokina ya cika bayan motar da jarkokin ruwa tun daga gida, ina ta yi masa dariya. A Baker dariyar ta ƙare.

Dab da iyakar Nevada akwai tashar wutar hasken rana ta Ivanpah: hasumiya uku, madubai sama da dubu ɗari da saba'in suna jefa musu haske, saman kowace hasumiya yana ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kai. Sai ga Primm, inda jihar Nevada ta fara. Babu shinge, babu ganga a tsakiyar titi, babu mai leƙo taga ya tambayi na goro. Babbar alamar da ta nuna mun shiga wata jiha ita ce gidajen caca da aka gina a kan iyakar daidai, don mutumin Kalifoniya da ya ƙagu kada ya jira ƙarin tafiyar minti arba'in. Tun 1931 jihar ta halatta caca, kuma a kanta Las Vegas ta ginu.

Kwana a otal ɗin bikin ya fi ƙarfin aljihunmu, sai muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki da ba shi da nisa. Kuɗin da muka gani a intanet daban, wanda aka ce mu biya a kanta daban, domin an ɗora wani kuɗi na kowane dare wai na amfani da wurin ninƙaya da intanet, ko ka yi amfani da su ko ba ka yi ba. Abokina ya ce al'adar garin ce, manyan otal ma haka suke yi. Muka biya muna gunaguni. A ɗakin na duba alƙibla a waya, sai ta nuna mini arewa maso gabas, har ma ta fi karkata arewa. Na riga na saba da haka a Los Angeles, amma duk da haka jikin mutumin Kano gabas yake son fuskanta.

Washegari na ɗauki mota zuwa masallacin Juma'a da ke titin Desert Inn. Direban ɗan Habasha ne, kamar yawancin direbobin da na shiga motarsu a garin. Bayan an sallame ina neman takalmina sai na ji wani dattijo yana waya da Hausa, irin ta mutanen Tawa. Na jira ya gama, na rusuna na gaishe shi.

"Lale da baƙo! Ɗan nan, daga ina?"

"Daga Kano, Baba. Karatu nake a Los Angeles."

"To me ya kawo ka wannan gari cikin wannan zafi? Ba dai caca ba?"

Na rantse masa ba ita ba ce, na gaya masa gaskiyar abin da ya kawo ni. Ya yi shiru, ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya ce ya daɗe yana tuƙi a garin, kuma masu baƙaƙen rigunan nan ba su taɓa hana shi kuɗinsa ba. "Wanda nake tsoro shi ne mai kwat da ya fito da asuba bai ce uffan ba. Wannan an cinye shi. Kai dai ka riƙe aljihunka, ka riƙe sallarka." Da na ambaci Tinariwen sai fuskarsa ta washe, ya ce in gaishe su idan na samu dama, kamar 'yan unguwarsu ne.

A 2018 otal ɗin Hard Rock (an rufe shi a 2020) ba ya kan babban titin nan na Strip da ake nunawa a talabijin, yana gefe kaɗan a titin Paradise, da wata ƙatuwar jita mai fitilu a gabansa. Binciken ƙofa ya yi tsanani: a zazzage aljihu, a buɗe jaka, a bi jikinka da na'ura. Ba wanda ya yi ƙorafi, domin ba a cika shekara ba da harbin 1 ga Oktoban 2017, lokacin da wani mutum ya buɗe wuta daga saman otal ɗin Mandalay Bay kan masu kallon wani bikin waƙa, ya kashe mutum 58 a daren. Aka ɗaura mana abin hannu mai launi, aka ce kada mu cire shi har a tashi bikin. Da shi na yi ta alwala.

Wuraren kiɗan uku ne: babban zauren da ake kira The Joint mai ɗaukar mutum wajen dubu huɗu, ƙarami mai suna Vinyl, sai dandamalin bakin wurin ninƙaya. Amma duk inda za ka, sai ka ratsa ta filin caca. Haka aka tsara irin waɗannan gine-gine a garin gaba ɗaya: hanyar ɗaki, hanyar abinci, hanyar banɗaki, duk ta tsakiyar injina suke bi. Babu taga, babu agogo a bango, sanyin kwandishan ɗaya dare da rana, hayaƙin taba yana yawo saboda doka ta bari a sha a filin caca. A cikin wannan ƙyale-ƙyale sai ga dubban mutane cikin baƙaƙen kaya, gemu har ƙirji, zane a hannu da wuya, rigunan jins marasa hannu da aka ɗinke da tambarin ƙungiyoyi ba masaka tsinke. Da a layinmu na gan su da dare da na canza hanya.

Abin farko da ya faru tsakanina da su shi ne wata mata mai furfura, da zoben ƙarfe a hanci, ta taɓa kafaɗata a layin shiga zaure ta tambaya ko ina da abin toshe kunne. Ina da shi, na sana'a ma, amma ta riga ta miƙo mini nata sabo a leda. Ta ce ita malamar jinya ce, kuma duk shekara tana zuwa da su jaka guda tana rabawa. Ta san abin da take yi. A aikinmu an koya mana cewa sautin da ya wuce desibel 85 yana cin kunne idan aka daɗe a cikinsa, irin wannan kiɗa kuwa yana haura 100 ba tare da wahala ba.

Na je da tunanin metal abu ɗaya ne, ihu da hayaniya. Ashe gida ne mai ɗakuna da yawa, kuma mutanen kowane ɗaki suna ganin nasu ne na gaskiya. Abokina ya bi ni da tarihi ko na so ko ban so ba. Ya ce tushen abin Birmingham ce ta Ingila, garin masana'antu, inda Black Sabbath suka fitar da faifansu na farko a 1970. Mai jitarsu Tony Iommi inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'anta, don haka ya riƙa sassauta tsirkiyar jitarsa don ta yi masa sauƙin dannawa, sautin ya yi ƙasa ya yi nauyi. Mafi yawan ƙungiyoyin wannan biki jikokin wannan nauyin ne: kiɗa a hankali, mai kauri, ana maimaita jimla ɗaya har sai ta zauna a jiki. High on Fire kuwa gudu suke, mai jitarsu ba riga, mai ganga yana dukan manyan ganguna biyu da ƙafafu kamar ana kora shi. Boris, mutum uku daga Japan, mace ce ke riƙe da jita, 'yar siririya ba ta ko motsi, amma abin da ke fitowa daga lasifikarta ya isa ya kayar da katanga.

A gaban dandamali ake buɗe fili, matasa su shiga suna zagaye suna bangazar juna da kafaɗa. Da farko na ɗauka faɗa ne ya kaure, na fara neman ƙofa. Sai na ga wani ya faɗi, nan take zagayen ya tsaya, hannuwa huɗu suka ɗago shi, aka buga masa baya, aka ci gaba. Wani ya tsinci tabarau ya ɗaga sama yana juyawa har mai shi ya zo ya karɓa. Na yi aiki a bukukuwan da ɗan taka ƙafa ya jawo aka zaro wuƙa. A can ban ga an ɗaga wa kowa hannu da nufin duka ba har aka tashi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ta fuskar sana'a shi ne Sunn O))). Tun kafin su fito aka cika zauren da hayaƙin inji har ba ka ganin na gabanka. Suka fito cikin dogayen alkyabbu masu hula, bayansu an jera amfilifaya, wato na'urorin ƙara ƙarfin sauti, masu kwalba, irin na da, layi guda kamar katanga. Babu ganga, babu abin da za ka kira waƙa. Mutum ya daki tsirkiya sau ɗaya, ya bar sautin yana gurnani har tsawon lokacin da za ka sha kofin shayi, sannan ya sake. Kukan nan da lasifika ke yi idan makirfo ya matso kusa da ita, wanda mu a wurin biki idan ya faru uwar amarya sai ta aiko a yi mana faɗa, shi suka mayar kayan kiɗa: mai jita ya juya ya fuskanci amfilifayarsa, ya matsa taku ɗaya kukan ya tashi, ya ja baya ya kwanta. Ba da kunne ake jin abin ba. Ƙafar wandona tana kaɗawa, haƙarƙarina yana rawa, kamar an zaunar da ni a kan injin niƙa. Na lallaɓa na tsaya bayan teburin mai haɗa sautinsu ina kallon hannunsa. Da ƙyar yake taɓa komai, sai ɗan murɗa kaɗan idan wani sauti ya nemi ya fi ƙarfin ɗakin. Ba zan ce na ji daɗin kiɗan ba, kuma ba zan sa shi a mota ba. Amma abin da na gani a teburin nan ban same shi a aji ba.

Da lokacin Tinariwen ya zo na kutsa gaba iya iyawata. Suka fito da manyan riguna da rawani, ido kawai a waje, jita a rataye, ɗaya yana zaune da ganga. Gabana ya ɗan faɗi, ina tunanin yadda taron da ya wuni yana jin aradu zai karɓi wannan kiɗa mai taushi. Minti biyu na farko mutane sun yi tsaye suna kallo. Sai tafin nan nasu ya shigo, mai ganga ya kama tafiyar raƙumi, jita ta fara zagaye jimla ɗaya, sai na ga kawuna sun soma kaɗawa, a hankali, daidai yadda suke yi wa nasu makaɗan. Wani ƙato kusa da ni, da hoton ƙwarangwal a riga, ya rufe ido yana tafi a karkace. A nan na gane dalilin gayyatar: maimaici ne ya haɗa su. Masu wannan biki sun saba da kiɗan da ba ya sauri, mai juya abu ɗaya har hankali ya tafi, kuma Abzinawa sun riga su sanin wannan hanya. Ƙungiyar ta samo asali ne a ƙarshen shekarun 1970 tsakanin matasan da fari da rikici suka kora zuwa Aljeriya da Libiya, sun ci kyautar Grammy a 2012, kuma hamadar da muka ratso ba baƙuwarsu ba ce, don a Joshua Tree cikin Mojave suka naɗi faifansu na 2014 lokacin da arewacin Mali ba ya shiguwa. Ba na jin Tamashek, amma da aka yi guɗa daga dandamali sai da idona ya kawo ruwa. Saƙon Baba dai ban isar ba, masu tsaro ba su san zumunci ba.

Akwai inda na ja layi. Ƙungiyar Danzig na tsaya na ɗan kalla. Dimmu Borgir na Norway kuwa, da fuskokinsu da aka shafe da fari da baƙi da alamomin da suka rataya, waƙa biyu na ji na fita. Abokina ya ce wasan kwaikwayo ne kawai, kamar fim ɗin ban tsoro, kuma na yarda cewa ga yawancin masu kallo haka ne. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da wasa da sunan Shaiɗan ba, ko da wasan ne, balle a irin waɗannan kwanaki. Bai ji haushi ba, ni ma ban yi masa wa'azi ba.

Fitar da na yi ce ta ba ni damar zama in kalli filin caca da kyau. A gida mai caca ɓuya yake, ko a bayan tasha ko a shagon da aka sa wa labule. A can an shimfiɗa masa kafet, mata masu tire suna kawo masa abin sha kyauta muddin yana wasa. Injinan ba sa zubo tsaba yanzu, takarda suke turowa, amma an sa musu ƙarar zubowar tsaba a lasifika, ni da nake aikin sauti na ji yadda aka gyara ta ta yi zaƙi. Na tsaya wajen teburin da ake juya faranti da ƙwallo. Ramuka 38 ne, idan ka canki lamba daidai a biya ka ninki 35. Wannan ɗan bambanci shi ne cinikin gidan, sama da kashi biyar cikin ɗari na duk abin da aka ajiye, kuma ba ya buƙatar maguɗi, lokaci kawai yake buƙata. Wata tsohuwa na zaune gaban inji da katinta a soke, an ɗaure shi da igiya a wuyanta, tana danna maɓalli ba ta ko duban abin da ya fito. Na gan ta da la'asar, na sake ganin ta bayan ɗaya na dare a kujerar nan. Masu kiɗa komai ƙararsu suna kai wa ƙarshe, a kunna fitila, kowa ya fito yana gumi yana dariya. Inji ba shi da waƙar ƙarshe. Abin mamaki, 'yan bikin ba su cika zama a kansa ba, ratsawa suke su wuce, kuɗinsu a teburin sayar da riguna da faifai yake ƙarewa.

Batun ci kuwa, a cikin otal komai da tsada, gorar ruwa ma sai ka yi tunani. Na dogara da dabino da gyaɗar da na zo da su, da kifi da dankali idan yunwa ta matsa. Sau ɗaya muka fita wani gidan abincin Habashawa da direban nan ya kwatanta mini, muka ci injera da wake da ganye har muka kasa tashi, a kuɗin da bai kai na burodi da nama ɗaya a wurin biki ba. Sallah kuma masauki nake komawa in haɗa, tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa wadda da rana take zama azaba. Hajiya ta kira ni a ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiye.

"Wai ina ka shiga ne, kwana biyu shiru?"

"Hajiya, mun je wani gari ne kallon yadda ake haɗa sauti a babban taro."

"To Allah ya taimaka. Ka dai yi azumin Arfa."

Litinin ce ranar Arfa, kuma ita ce ranar komawarmu. Na yi sahur da ragowar dabino da ruwa mai yawa, muka fito da sassafe don mu riga zafi. Abokina muryarsa ta dishe, wuyansa ya ƙage saboda kaɗa kai, don haka ni na karɓi tuƙi. Bayan mun shiga Kalifoniya muka tarar da shinge ɗaya tilo na duk tafiyar, na masu duba kayan gona, waɗanda ke hana shigo da 'ya'yan itace da tsirrai masu ɗauke da ƙwari. Jami'in ya leƙo, ya dubi mai dogon gashi da ke barci, ya dube ni, ya tambaya ko muna ɗauke da 'ya'yan itace. Na ce babu, ya ɗaga hannu muka wuce.

Mun iso Los Angeles da azahar. Na sauke shi a ƙofar gidansu, ya ce in fara tara kuɗin baɗi, na ce sai na ga jerin sunaye tukuna. Daga nan na wuce wurin mahaucin da muka haɗa kuɗin layya da wasu 'yan Najeriya a hannunsa, don in ji ƙarfe nawa za mu je karɓar nama ranar Talata.